Ɗinkin Iya Kande da Ba Ya Kai Shekara

A gidana na Kubwa akwai wani bargo da ya girme ni, ya girmi babana, kuma in ka saurari matata, ya girmi Dutsen Zuma. Bargon gashin tumaki ne, irin wanda mutanen dā ke kira sakala. Falle shida ne masu tsawo aka jera aka ɗinke gefe da gefe. A zamaninsa fari ne da zanen baƙi da ja, amma yanzu launinsa ya koma na shayin da aka yi wa rowar madara. Nauyinsa kuwa, in ka lulluɓa da shi ka yi mafarkin ana bin ka da gudu, to ka tsaya kawai a kama ka, don ko a mafarkin ba za ka yi nisa ba.

Bara aka tura 'yata Zainab bautar ƙasa a kan tsaunin Mambila, inda na ji an ce sanyi kan sa akuya ta nemi a yanka ta don ta kusanci wuta. Na ɗauko bargon nan na kakkaɓe, na ajiye a kan jakarta ina jin kaina kamar wanda ya ba da kyautar mota. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Baba, don Allah. Ƙaurin hayaƙi yake yi. Mutane za su ce daga gidan tarihi na gudo." Ta nuna mini nata sabo na kanti, mai laushi, da hoton damisa a jiki. Na yi dariya tare da kowa, amma abin ya zauna mini a ƙirji. In ita ba ta ɗauka ba, babu mai ɗauka, kuma na san ranar da na rufe ido matata za ta shimfiɗa wa kaji shi.

Bargon na kakata ne, Iya Kande, kuma ba zan iya ganinsa ban ji ƙamshin gasasshiyar masara ba.

Mun taso a Karmo lokacin da Abuja take rarrafe. Babana ya baro Zariya ya buɗe tireda yana sayar wa leburorin da ke gina birnin sukari da sabulu da ashana. Idu da kuke gani yanzu cike da masana'antu da jirgin ƙasa, a lokacin gonakin doya ne na Gwarawa, da ciyawar da ke iya ɓoye raƙumi da mai shi. Iya Kande, mahaifiyar Baba, ta biyo mu da akwatinta ɗaya, da mazarinta na kaɗi, da wannan bargo. Mijinta, kakanmu, bafatake ne, kuma a can Masina, ƙasar Fulani mai nisa, ya samo shi a hannun wani makiyayi da ya riga ya sha sanyin shekara guda a cikinsa.

Da marka, ruwan Abuja ba ya sallama. In an idar da sallar isha'i, ruwa na dukan kwanon madafi kamar yana bin mu bashin gaisuwa, sai Iya ta tura sauran itacen tuwo cikin murhu, ta jera masara a bakin garwashi, ta ce a kawo bargo. Mu biyar ne jikokinta, mu duka mu shige ciki, kawuna a waje kamar 'yan tsaki. Ni take kira angonta, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki.

"Ango, matso nan. Mijin da ko gishiri bai taɓa saya mini ba, amma ya fi kowa cin masara."

"Iya, ai na ce sai na girma."

"Kafin ka girma na yi wani. Mai nama ma ya yi mini magana."

Ba a daɗewa sai rigima ta tashi a ƙarƙashin bargon. Yayana Ɗanlami ya ja gabas, ni in ja yamma, ƙananan su yi ta ihun ƙafarsu na waje. Can sai ka ji ɓarrr, ɗinkin da ke tsakanin falle biyu ya buɗe. Za ka yi tsammanin duka. Iya ko ɗaga murya ba ta yi. Hannu kawai take miƙawa bayan tukunya ta ɗauko basilla, babbar allurar nan, da ƙullin abawa, zaren auduga mai kauri da laushi wanda ita ta kaɗa da hannunta. Sai ta sa waɗanda suka yi faɗan su riƙe mata, ɗaya wannan gefe, ɗaya wancan. Da allurar ta shiga, labari ya fito.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga baƙuwa a ƙofa, ruwa ya jiƙa ta." Mu ce, "Ta shigo ta sha wuta." Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ta daren ɗinki guda ɗaya ce, kuma ba ta canzawa.

Wai an yi wani gari a kan dutse, mai tsawon da kajin garin ke tsattsagar taurari in hatsi ya ƙare. Ruwan sama a can ba shi da damina ba shi da rani, kullum ne. Auduga ba ta fitowa, sai tumaki masu gashi har ƙasa. Unguwa shida ce a garin, kowace da masaƙanta, amma masaƙarsu siririya ce, abin da take fitarwa bai wuce ya rufe ƙafa ɗaya ba. Haka suke kwana, ƙafar dama a rufe, ta hagu tana karkarwa, da tsakar dare a yi canji. Sai wata tsohuwa ta ce, tunda kowa falle ɗaya gare shi, me zai hana a haɗa?

Daga nan ya zama al'ada. Duk shekara bayan an yi wa tumaki aski, an wanke gashin a rafi, mata sun kaɗa, maza sun saƙa, sai unguwannin shida su hallara a dandali. Kowane bargo sai an sa masa falle daga kowace unguwa. Zaren ɗinkinsu ba ya kai shekara, don haka baɗi ma dole a dawo, da sababbin falle da tsofaffin barguna da suka ɓalle. A nan ake ganin 'yan mata, a nan ake jin wanda ya rasu da wanda aka haifa. Wanda kuke gaba da shi ma, in an ba ka gefen bargo an ba shi ɗaya gefen, dole ka ce masa ja kaɗan, ya ce maka saki kaɗan, kafin a kai ƙarshen layi kun gaisa.

A daidai nan Iya kan ɗago ta kalle ni da Ɗanlami. "Ja kaɗan, ango. Kai kuma saki. Ba igiyar rijiya na ba ku ba."

Ana nan sai wani baƙo ya hau dutsen da jakinsa, ya kawo zare mai ƙyalli. Aka ɗaura wa bijimai biyu, suka ja har suka zauna, bai tsinke ba. Mutanen gari suka yi murna, suka ce wahala ta ƙare. Aka ɗinke duk bargunan garin da shi. Shekara ta zagayo, babu ɗinkin da ya buɗe, babu wanda ya je dandali. Wata ta zagayo, haka. Masaƙa suka jingine kayan aikinsu, gara ta samu abinci. Yara suka girma ba su san sunan 'yan unguwar da ke bayan katangarsu ba.

Sai aka yi wani sanyi da ba a taɓa yi ba. A kowane gida miji ya ja, mata ta ja, yara suka ja. Zaren baƙo ya tsaya ƙyam, bai ce uffan ba. Saƙar ce ta yage, tun daga sama har ƙasa. Da gari ya waye mutum ya ɗauki tsummansa ya je unguwar gaba neman falle, aka leƙo aka ce, "Kai ɗan gidan wa?" Wanda ma ya so taimakawa ya duba masaƙarsa ya tarar ta zama gari. Ɗaya bayan ɗaya suka sauko daga dutsen, kowa ya kama gabansa. Tsohuwa ɗaya ce ta rage, mai taurin kai, wadda tun farko ta ce ita zaren da jikanta ba zai iya tsinkewa da hannu ba, ba zai taɓa bargonta ba.

"Kuma bargon nata," in ji Iya, tana cizge zare da haƙorin da ya rage mata, "shi ne wannan da kuke ta ja kamar kuraye."

Ɗanlami, wanda tun yana yaro lauya ne marar takarda, ya ce, "Iya, ba kin ce a wurin Bafulatani Kaka ya samo ba?"

"Shi Bafulatanin a wurin uban wa ya samo?"

Sai ta rufe da cewa, "Baƙuwa ta bushe, ta kama hanya. Wanda ya yi barci a nan, ɓera ya aure shi."

Ni a lokacin na ɗauka wayo ne irin na tsofaffi. Zarenta ba shi da ƙarfi, shi ne ta ƙirƙiro gari guda da mutanensa don ta kare kanta. Babana ma haka ya gani. Wata rana ya ce zai kai wa Sunday tela ya bi shi da keke da zaren roba, a huta. Iya ta zauna a kan bargon kamar kaza a kan ƙwai.

"Yaran nan ba za su daina ja ba," ta ce masa. "In sun ja, dole wani abu ya tsinke. Gara nawa zaren, ina da wani a mazari. In saƙar ta yage, kai za ka je Masina ka saƙo mana?"

Baba ya sa hularsa ya koma tireda.

Da Allah ya yi mata rasuwa, aka ce bargo na ango ne, tunda shi ne mijin da ta bari. Na yi kuka na yi dariya a lokaci guda. Tun daga nan duk shekara ni ke ɗinke shi, ɗinkin da in Iya ta gani za ta nemi saki.

Yanzu ni direba ne a Maitama. Ina tuƙa wata baturiya 'yar ƙasar Sifaniya, muna ce mata Madam. A makon da Zainab ta ƙi bargon, matata ta ce tunda an fito da shi kada ya koma mata ɗaki, sai na jefa shi a but ɗin mota, ina shimfiɗawa a gindin bishiya in ina jiran Madam ta fito daga taro. Ran nan na ɗauko ta daga filin jirgi, na buɗe but zan sa akwati, sai ta gan shi. Na fara haɗa ƙaryar da zan yi, don na ɗauka faɗa za ta yi. Sai na ga ta kama gefensa ta murza, ta kai hanci ta shaƙa, ta rufe ido.

"Sale, wannan ulu ne na gaske. Ƙamshin gidan kakata ke nan."

Na ce, "Madam, a gidana wari ake kiransa."

Muka faɗa cunkoson hanyar filin jirgi, irin wanda mutum kan shiga da baƙin gashi ya fita da furfura. A nan ta ba ni labarin garinsu, ni kuma na riƙe sitiyari ina saurare.

Ta ce garinsu ƙarami ne, fararen gidaje a maƙale a jikin tsauni a kudancin ƙasarsu, kuma ruwan sama ya fi son su a kan duk maƙwabtansu. Tun kakannin kakanni da bargo aka san su. Tumaki na kiwo a kan tsaunin, ruwa ga shi a wadace na wanke gashi. Kusan kowane gida da abin da yake yi: wasu wanki, wasu shiɓa, mata na kaɗi a bakin ƙofa, kakarta ma a cikinsu, maza na saƙa. In an sauke bargo daga masaƙa ba a gama ba. Sai an kai shi bakin rafi, inda ruwa ke juya wata ƙatuwar ƙafa ta katako mai zagaye irin ta amalanke, ita kuma tana ɗaga manyan gudumomi na itace suna dukan bargon a jiƙe, har ya tsuke ya yi kauri yadda ruwan sama ba ya ratsa shi da wuri. Na ce a raina, ashe su ma suna da mabuga. Makiyaya da masu alfadarai su ne manyan masu saye, kuma bargon garin ya yi suna har nesa.

"To me ya faru?" na tambaye ta.

Ta ce manyan masana'antu suka tashi a birane, inda jirgin ƙasa ke zuwa. Nasu ya fi sauri, ya fi araha. Jirgi bai hau tsauninsu ba. Masaƙu suka riƙa rufewa, matasa suka sauka neman aiki, garin ya rage kamar rigar da aka wanke da ruwan zafi. Yanzu gidan saƙa ɗaya ne ya rage yana aiki, tsofaffin injuna kuma an jera su baƙi na zuwa kallo.

Na ce, "Madam, kakata ta san garinku."

Ta yi dariya. "Ta taɓa zuwa Turai?"

"Ko Kaduna sau ɗaya ta je, kuma ba ta yafe wa direban ba. Amma ta san shi."

Na ba ta tatsuniyar Iya a gajarce, da turancina da ke tafiya da sanda. Na faɗa mata har da zancen Zainab. Sai ta ce abu irin wannan bai kamata ya zauna a but ba. In sa shi a gilashi in rataye a bango, ko in ba masu adana kayan tarihi. Gaskiya zancen ya shige ni. Har na hango shi a falona, da fitila a kansa, baƙi na tambaya ina baza tarihi, ina ƙara gishiri.

Mun kusa ƙofar gari sai ta ce, "A'a, Sale. Manta da abin da na ce." Ta ce da ta je gida hutun nan, ta shiga inda aka jera kayan saƙar, ta ga irin abin kaɗin kakarta an kewaye shi da igiya, an rubuta kada a taɓa. Ta tsaya a bayan igiyar kamar baƙuwa. "Nawa bargon ma yana cikin kabad a leda. Naka har yanzu ana faɗa a kansa. Ka bar shi a inda za a ja shi."

Ranar tafiyar Zainab na sake ɗauko shi. Sunan Iya ta ci, don ainihin sunan Iya Kande Zainabu ne, shi ya sa nake kiranta Iya Ƙarama. Na ce, "Iya Ƙarama, ba don sanyi ba, don ni." Ta fara zumɓura baki. Sai taimako ya zo daga inda ban zata ba. Uwarta ta ce, "Ke, ɗauki ki raba ni da shi. In kin ga rami mai zurfi a kan dutsen, kin san abin yi." Haka aka danna shi a ƙasan jaka, a ƙarƙashin damisa. Yaron mota da ya ɗaga jakar ya tambaya ko injin niƙa ne a ciki.

Wata guda, wata biyu, in mun yi waya ba ta ambace shi ba, ni ma ban tambaya ba. Na riga na saddaƙar yana ƙarƙashin gado, ko an toshe taga da shi.

Wata Asabar da hantsi ina wanke mota, sai ga kiranta.

"Baba, kada ka yi faɗa."

"Me kika fasa?"

"Bargonka ne. Ya ɓalle a tsakiya. Ni da Rifkatu ne, wadda muke ɗaki ɗaya. Ita ta ja, ni na ja."

Na ajiye soso. "Ina damisar?"

"Baba, damisar nan ta Abuja ce. A nan ko kyanwa ba ta kai ba. Mun haɗa katifa muna shiga naka mu biyu. Amma kada ka damu, akwai tela a bakin kasuwa, ya ce zai bi shi da zaren roba, har abada ba zai sake buɗewa ba."

Maƙwabtana sun ce ihun da na yi ya tayar da ƙararrawar motoci uku. Ni dai na san na ce mata ko da wasa kada ta bari keke ya taɓa shi. Na ce ta je kasuwa ta nemi basilla da zaren auduga, ta gwada shi a hannu, in ta ja bai tsinke ba ta mayar wa mai shi.

"Baba, zaren da ke tsinkewa? Ai zai sake ɓallewa."

"Zai sake."

"To mene ne amfanin?"

"Ke da Rifkatu kuna magana?"

"Tun jiya dai ba sosai ba. Ta ce ni na fara ja."

"Madalla. Ki ba ta gefe ɗaya ta riƙe, ke ki riƙe ɗaya. In kun zauna ki kira ni, ki sa wayar a tsakiya."

Da la'asar suka kira. Ina jin ruwa na dukan kwanonsu, ina jin wata murya na cewa da Hausarta ta Jos, "Ki ja small mana," tawa kuma na cewa, "Ke ki saki." Na gyara zama a kan benci, na yi gyaran murya, na ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, ruwa ya jiƙa ta." Babu wanda ya amsa, don ban taɓa koya mata ba, sai da na faɗa musu abin da ake cewa. Suka haɗa baki suna dariya, "Ta shigo ta sha wuta." A tawa tatsuniyar kajin garin har wata suka tsattsage, don ni ba na ba da labari yadda na same shi.

Na daɗe ina ɗaukar maganar Iya a kan zare maganar tsohuwa mai tattalin kayanta, kuma haka ne, don dabararta ce ta kawo bargon nan har yau babu yagewa ko ɗaya a jikin saƙarsa. Sai da furfura ta fito mini na lura cewa ni da Ɗanlami, wanda yanzu yake Suleja, ba mu taɓa cika shekara ba mu ɓata ba, a kan filin Baba, a kan siyasa, har a kan wanda ya fi wani tsufa a fuska. Kuma ba mu taɓa cika wata ba mu zauna mun gyara ba, don tun muna yara an saba mana da riƙe gefe biyu na abu ɗaya. Na san gidajen da ba a taɓa jin kansu ba, shiru kamar masallaci da hantsi, ranar da suka ja sau ɗaya ba su sake haɗuwa ba.

Allah ya jiƙan Iya Kande, ya sa ta huta. Na gode mata da masarar da na ci ban biya da gishiri ba, na gode wa makiyayin da ban sani ba, da masaƙin da ya zauna ya saƙa falle shida, har da Madam da mutanen tsauninsu da suka riƙe gidan saƙarsu na ƙarshe.

Zainab ta gama bautar ƙasa ta dawo. Na buɗe jakarta da kaina ina neman bargona, na tarar da ɗinki sabo a wuri biyu, karkatacce, ya fi nawa muni. Na ce to a mayar mini da shi ɗaki. Ta riƙe gefe ɗaya ta ce, "Wane ɗaki? Ai nawa ne."

Na kama ɗaya gefen. Ban ja da ƙarfi ba, amma na ja.